Auren wasa a littafina ya raba masu karatu biyu, ra'ayin wa zan bi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuta littafi ina sakinsa shafi-shafi a zauren WhatsApp na kuɗi. Labarin saurayi ne da mahaifiyarsa ta matsa masa ya yi aure, sai ya shirya da 'yar ƙanwar babansa su yi auren wasa na shekara ɗaya don Hajiya ta sarara masa. An ɗaura a masallaci, an ba da sadaki, ta tare, amma kowa da ɗakinsa, babu abin da ya shiga tsakaninsu. Bayan wata goma sha uku, a shafi na 38, ya rubuta mata saki uku cikin fushi. Niyyata su gane suna son juna su koma, tunda dama auren wasa ne, sakin bai hau ba. Tun da na saki shafin zauren ya kama da wuta. Wasu sun ce haka ne, wasu sun ce in sa abokinsa ya aure ta dare ɗaya ya sake ta, wata kuma ta ce ina ɓata addini. Abin da ya hana ni barci shi ne wata ta biyo ni ta bayan fage ta ce ita ma mijinta ya yi mata uku, dama ba don so aka yi ba, tana jiran ta ga yadda zan warware. Ra'ayin wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da wadda ta hana ki barci. Yau ɗin nan, kafin ki taɓa shafi na 39, rubuta wa baiwar Allah nan cewa labarinki ƙirƙira ne, kada ta ɗora rayuwarta a kansa. Ta tafi tare da waliyyinta wurin malamin da ya san fiƙihun aure, ko kotun shari'ar Musulunci mafi kusa, su faɗi lafazin mijin daidai yadda ya fita daga bakinsa, in takarda ce su riƙa ta a hannu. Kada ki yi mata fatawa, kada kuma ki tura mata wannan amsar da sunan fatawa.

Sai batun ra'ayin wa za ki bi. A wannan gaɓar babu ko ɗaya, domin abin da suke jayayya a kai ba na ƙuri'a ba ne. Ko jaruma ta cika kuka, ko kishiya ta yi mugunta fiye da kima, ko labarin ya soma jan ƙafa, waɗannan hurumin mai karatu ne, kuma sau da yawa ya fi marubuci gani. Ko aure ya ɗauru ko saki ya auku kuwa, hukunci ne, kuma an rubuta shi tun kafin a haifi kakanninmu.

Maganar da take kai marubutanmu ga wannan rami guda ɗaya ce, ana jin ta safe da yamma: "Ai labari ne kawai." Da ita ake kare kowane irin ganganci. Wadda za ta kwana tana neman sunan mota ko na turare don kada a yi mata dariya, ita ce za ta rubuta babi uku a kan idda ba ta buɗe Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ba, in an yi magana ta ce labari ne. To mai karatu ba haka take karɓarsa ba. Ta yarda Alhajin labarin ƙirƙira ne, gidansa na Abuja ma ƙirƙira ne. Amma da zarar kin sa wani dattijo mai farin gemu ya gyara zama ya ce "a Musulunci ai wannan auren bai ɗauru ba", ta karɓa a matsayin ilimi, domin ba ta tsammanin Musulma za ta sa wa malami ƙarya a baki. Yarinya 'yar shekara goma sha shida tana iya karanta littafi ashirin kafin ta zauna darasi ɗaya na babin nikahi. Abin da ya riga shiga kai shi yake zama.

A zamanin bugu na adabin kasuwar Kano, daga shekarun 1980 zuwa sama, akwai 'yan shingaye komai rauninsu. Marubuta na ƙungiya suna duba wa juna rubutu, mai kantin littattafai yana da ta cewa, ra'ayin masu karatu kuma wasiƙa ce da take isowa bayan littafi ya fita. Daga 2001 hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano ta zo, a 2007 har ƙona littattafai aka yi a bainar jama'a. Ƙonawar ba ta koya wa kowa fiƙihu ba, kuma masu tacewa sun fi damuwa da batsa da kuɗin rajista a kan kuskuren hukunci. Yanzu kuwa daga babban yatsanki sai idon mai karatu, cikin daƙiƙa. Shingen da ya rage ke ce.

Ga abin da kika rubuta, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke hukunci da ita. Aure yana tsayuwa da waliyyi, da sadaki wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, da shaidu biyu adilai, da siga, tsakanin mutum biyu da babu abin da ya haramta su ga juna. Duk kin kawo su a masallaci. So ba ya cikin lissafin, niyyar wasa kuma ba ta rushe shi. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ambaci abubuwa uku da gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, da saki, da kome. Ke nan jarumarki matarsa ce tun ranar da aka shafa fatiha. Da ya mutu a wata na biyu sai ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta ci rubu'in dukiyarsa in ba shi da ɗa, ko sumuni in yana da shi, ko da bai taɓa riƙe hannunta ba.

Wa'adin shekara ɗaya da suka yanka shi ne wurin da ake yawan ruɗewa. In a cikin sigar ɗaurin auren aka ce an aura masa ita zuwa shekara, wannan auren mutu'a ne, ɓatacce ne, raba su ake yi. A naki labarin su biyu suka ƙulla a ɓoye, waliyyi da shaidu siga lafiyayya suka ji. Wannan shafin ki karanta wa malami shi kalma bayan kalma, don hukuncin yana rataye da wa ya faɗi me, a gaban wa, kuma yaushe. Haka auren da miji ya umarci shaidu su ɓoye, wanda marubuta suke ƙauna ƙwarai, shi ma yana da babinsa, kuma asalinsa rushewa ne.

Akwai abu biyu da ba ki lura kin jawo wa jarumanki ba. Na farko, wadda aka saka kafin saduwa rabin sadaki take da shi, amma a Malikiyya zaman shekara a gidan miji yana tabbatar da sadaki cikakke, kamar yadda saduwa ko mutuwar ɗayansu take tabbatar da shi. Taki ta yi wata goma sha uku. Na biyu, keɓewar da saduwa za ta iya aukuwa a cikinta tana wajabta idda ko da su biyun sun ce babu abin da ya faru. Marubuta sukan tsallake wannan su ɗaura wa jaruma sabon aure bayan sati biyu.

Saki kuma ya auku. Fushi irin na yau da kullum ba ya hana shi, dama wa yake saki yana dariya? Sai fushin da ya gusar da hankali har mutum bai san abin da yake faɗa ba. Rubutu da ƙudurin saki saki ne. Uku a kalma ɗaya bidi'a ce, amma Malikiyya tana ƙirga shi uku. Akwai malamai da suke bin fatawar Ibn Taimiyya su ƙirga shi ɗaya, kuma za ki ji masu wannan ra'ayi a garuruwanmu, sai dai wannan saɓani ne da ake warwarewa a gaban malami ko alƙali. In za ki yi amfani da shi, ki nuna shi a matsayin saɓani, da zuwa da dawowa da ɓacin ran da yake jawowa a dangi, kada ki mai da shi ƙofar baya da jarumi zai sulale ta ciki.

Shawarar a sa aboki ya aure ta dare ɗaya ita ce mafi muni a duk abin da aka rubuto miki. Auren kisan wuta ke nan. Hadisi ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa, kuma a Malikiyya ba ya halatta ta ga na farko. Aya ta 230 a Baƙara aure na gaskiya take nufi, a zauna, a sadu, in rabuwa ta zo don kanta a yi idda. Abin takaici, akwai masu rawani a unguwanni da suke shirya irin wannan a karɓi na goro, littafin da ya nuna shi ya yi kyau kuma talla yake yi musu kyauta.

Yanzu gyara. Hanya mafi tsafta ita ce ki janye shafi na 38, ki faɗa wa zauren a layi biyu cewa kin yi kuskuren hukunci kin gyara, ki mai da sakin ɗaya. Duba abin da wannan zai ba ki. Tunda ba su sadu ba, ba shi da ikon cewa "na mayar da ke". Sai sabon aure, da yardarta, da waliyyinta, da sabon sadaki. Mutumin da ya ajiye ta shekara kamar kujerar falo yanzu dole ya je zance, ya durƙusa gaban surukin da ya wulaƙanta wa 'ya, ga Hajiya ta gano an yaudare ta, ga gida biyu na 'yan'uwa sun daina gaisawa, ga wani manemi ya fito. Wannan ya ishe ki shafi talatin masu rai, ya kuma fi "dama wasa ne" daɗi nesa ba kusa ba. Hanya ta biyu, ki bar ukun yadda yake ki biya farashinsa: ta auri wani da gaske, jarumi ya rasa ta, ko ya jira shekaru ba tare da hannunsa a ciki ba. Masu karatu za su yi kuka su zage ki, sa'an nan su riƙa ba da labarin littafin. Hanya ta uku, a ce takardar ta jabu ce wata ta rubuta, tana yiwuwa ne kawai in ba ki nuna shi da biro a hannu ba, kuma kin dasa mai ƙullin tun baya. In kin nuna, rufe wannan ƙofar.

Wadda ta ce kina ɓata addini ta yi kaushin harshe, amma ita kaɗai ta taɓo ciwon. Yi mata godiya a bayan fage. Masu "wayyo Anti ki haɗa su" suna gaya miki cewa jarumanki sun shiga ransu, wannan labari ne mai daɗi, amma ba umarni ba ne. Sharhin da ya cancanci ki ɗauki biro shi ne wanda ya nuna wuri: shafi kaza kin ce tana aji uku, shafi kaza ta gama jami'a. Ki tuna kuma masu magana a zaure kullum 'yan kaɗan ne, fuskoki ɗaya suke maimaituwa, mafi yawan waɗanda suka biya shiru suke karatu.

Abin da ya sa sharhi yake juya ki shi ne kina rubuta shafin yau ki sake shi yau. Tsaya kwana huɗu ko biyar, rubuta ƙarshen labarin a takarda ɗaya, sa'an nan ki tara shafi goma a ajiye kafin ki ci gaba, ta yadda ihun daren jiya ba zai shiga rubutun safiya ba. Bi sauran tsarin ki ja layi ƙarƙashin duk inda aka taɓa aure, saki, idda, riƙon 'ya'ya, gado, asibiti ko kotu. Na addini ki kai wa malamin fiƙihu da shafukan kansu, ba taƙaitawar baki ba, don a taƙaitawa ne kalmar da hukunci ya rataya a kanta take faɗuwa. Na asibiti ki kai wa likita ko ungozoma, musamman in akwai ɓari, gwajin jini kafin aure, ko wani haɗin da uwar ɗaki za ta ba amarya ta sha. Irin wannan haɗin kada ki rubuta sunayen kayansa da awonsu ko kaɗan, don akwai mai kwafa ta tafi kasuwa da shi.