Amsa ga mai tambaya kan kuɗin inshorar lafiya da ake yanka a albashi

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce duk wata ana yankar kuɗin inshora a albashinka, kai kuma ba ka taɓa kwanciya a asibiti ba, shin ba asara kake yi ba? Allah ya ƙara maka lafiya. Ba adashi ba ne da za ka zauna jiran ranar kwasarka. Taimakekeniya ce: mutane da yawa su zuba kaɗan-kaɗan, wanda ciwo ya kayar a ɗauke masa nauyi daga asusun.

Na daɗe a tsarin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya, wanda ya fara aiki a 2005 da sunan NHIS, dokar 2022 ta mai da shi NHIA. Rajistar ma'aikaci tana ɗaukar shi da matarsa ɗaya da 'ya'yansa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Nan masu mata biyu ko yara da yawa ke shan mamaki a bakin kantar asibiti, don sauran iyalin sai an yi musu rajista daban an biya. Ma'aikatan jihar Kano kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, wato KSCHMA, ce tasu, ƙa'idojinta ba lallai su zo ɗaya da na tarayya ba.

Abin da mutane ba su sani ba, asibitin da ka zaɓa ana tura masa kuɗi da sunanka ko ka je ko ba ka je ba. Don haka ganin likita da gwajin zazzaɓi haƙƙinka ne, ba alfarma ake maka ba. A magani kashi 10 cikin 100 kawai za ka biya. Idan abin ya kai ga tiyata, asibitin zai nemi lambar izini daga HMO ɗinka, wato kamfanin da ke kula da inshorarka tsakaninka da asibiti. Lokacin da aka yi wa maiɗakina tiyatar haihuwa, jiran lambar nan ne ya fi tayar mana da hankali, amma da ta fito, kuɗin aikin bai fita daga aljihuna ba.

Matsaloli akwai, ba zan ɓoye maka ba. Sau da yawa za a ce "babu maganin, je ka saya a waje". Ni ba na yin shiru. Ina kiran HMO, ina kuma ajiye rasit. Kuma ba kowace jinya tsarin ke ɗauka gaba ɗaya ba, musamman masu tsada irin wankin ƙoda.

Ka je ka duba sunan iyalinka a asibitin da aka rubuta maka, a buɗe muku kati tun kuna lafiya. In ya yi muku nisa, ka nemi a sauya muku na kusa da gida.