Mai gyara ya ce SSD ba ya mutuwa, in bar masa tsohon faifaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina amfani da kwamfutar HP EliteBook 8470p, 'yar Beljiyam, kuma ta yi nauyi har sai in kunna ta in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. Na tara kuɗin SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, amma ban san wanda zan saya ba. Mai gyara ya ce in bar masa tsohon faifan ajiyata ya rage mini kuɗi, wai SSD ba ya mutuwa. Duk aikin binciken kammala digirina yana ciki, shi ya sa gabana ke faɗuwa. Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Faɗuwar gabanka tana kan hanya, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka miƙa faifan.

Zaɓin ba wuya. Kwamfutarka ta 2012 ce, gurbin soka faifai irin na SATA mai inci 2.5 take da shi, ba ta da ƙaramin gurbin da ake kira M.2. Saboda haka duk wanda ya nuna maka siririn SSD ɗin NVMe, mai shiga gurbin M.2, yana cewa ya fi gudu, gaskiya ya faɗa, sai dai ba inda za ka soka shi. SATA yana tsayawa wajen 550MB a daƙiƙa, faifanka na yanzu kuwa da ƙyar yake wuce 100MB, don haka za ka ga canji tun kunnawar farko. Nemi 500GB ko 512GB idan aljihu ya yarda. 256GB zai yi, amma da wuri yake cika, kuma SSD yana rage gudu in ya cika maƙil. Samsung 870 EVO, SSD ɗin WD Blue na SATA ko Kingston A400 duk sun ishe ka. In Windows ta nuna 465GB a kan na 500GB, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne. Kafin ka bar shagon a buɗe maka CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ka ga awannin da ya yi yana aiki. Sabo bai kamata ya nuna dubban awanni ba.

Yanzu maganar da ta fi ci mini rai. Wannan zance na "SSD ba ya mutuwa" kusan kullum sai na ji shi, kuma ya jawo wa mutane asarar da ba ta gyaruwa. Wai tunda ba abin da ke juyawa a ciki, ba abin da zai lalace. Wa ya ce? Kamfanonin da ke ƙera shi da kansu suna rubuta iyakarsa: 870 EVO mai 500GB garantinsa shekara 5 ne ko rubutun 300TB, duk wanda ya riga zuwa. Mai abu ya ce kayansa na da iyaka, kai mai sukudireba ka ce babu?

Kuma ba ma ƙarewar rubutun ce ke kashe yawancinsu ba, ɗalibi ba zai kai 300TB nan kusa ba. Ƙaramin guntun da ke riƙe taswirar inda kowane fayil yake, shi ke tsayawa. Faifai mai juyawa yakan yi gargaɗi: ya yi ƙas-ƙas, ya riƙa sanƙarewa, ka samu kwanaki ka kwashe kayanka. SSD sau da yawa ba sallama. Daren jiya lafiya lau, da safe BIOS, manhajar da ke fara tashi in an kunna kwamfuta, ta ce ba ta ga komai ba. Kwamfutocin Beljiyam da yawa batirinsu ya mutu, a jikin caja suke rayuwa, NEPA na ɗauke wuta su mutu nan take. In hakan ya faru yana tsakiyar rubutu, taswirar nan na iya rikicewa. Sannan akwai tsarin share-sharen SSD da ake kira TRIM: abin da ka goge bisa kuskure, SSD yakan share shi da gaske cikin ɗan lokaci, manhajojin dawo da fayil da ke aiki a tsohon faifai su dawo hannu rabbana. A ranar, mai gyaran da ya ce maka ba ya mutuwa, abin da zai ce shi ne "sai haƙuri", ya kuma sayar maka da wani.

Ga wani ɓangaren da ba a faɗa. Fomatin na gaggawa ba ya goge abin da ke cikin tsohon faifai, sunayen kawai yake cirewa. Wanda ya saye shi bayanka zai iya tono hotunan iyalinka, takardar NIN da bayanan bankinka. Ragin da za a yi maka bai kai wannan ba, kuma ina roƙon masu wannan sana'a su ji tsoron Allah, kayan mutane amana ne a hannunsu.

Ka riƙe faifanka. Sayi ɗan gidan USB na inci 2.5 ka saka shi ciki, ya zama ma'ajiyarka ta biyu. Kafin a kwance ko da noti ɗaya, ɗora aikin digirinka a Google Drive, 15GB na kyauta ya ishe shi. A sa maka sabuwar Windows a kan SSD, sannan ka kwafo fayilolinka da hannunka, ka buɗe babi-babi ka tabbatar suna buɗewa. In batirin ya mutu, shi ne abu na gaba da za ka tara wa kuɗi, kafin ma ƙarin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita.