Hukuncin pokar waya da ake janye kuɗi kafin a gama buɗe kati

TAMBAYA: Assalamu alaikum Allah gafarta malam. Ni yaron shago ne a babbar kasuwar Maradi, akwai wani wasan kati da muke yi a waya in mun zauna fada da dare, irin pokar gidan caca ce sunanta Let It Ride. Za ka zuba kuɗi gurbi uku daidai wa daida, misali jikka jikka, a ba ka kati uku, in ba su yi maka ba ka janye jikka guda, a buɗe na huɗu in har yanzu bai yi ba ka sake janye guda. To malam tunda ana ba mutum dama ya janye kuɗinshi ba kamar hiyarin ciniki ba ne, wato damar fasa ciniki? Kuma wani abokinmu mai karatu ya ce kamfanin na turawa ne a ƙasar waje, wai Abu Hanifa ya halatta cin kuɗinsu ta haka. Wani lokaci cikin cinikin shago nake ɗauka amma ina mayarwa kafin maigida ya yi lissafi. Yanzu ina da riba jikka 18.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, caca ce, kuma haramcin caca ba ya buƙatar in tsaya karanto maka ayar Ma'ida, ka san ta tun kana makarantar allo.

Amma ka lura da abin da ka tsallake a bayaninka. Gurbi uku ka ce, ka faɗi yadda ake janye na farko da na biyu, na ukun fa? Wannan ba ya janyuwa, yana nan har a buɗe kati na biyar, in ba ka haɗa aƙalla kati biyu masu lamba goma ko abin da ya fi su ba ya tafi. To hukuncin a kan wannan jikkar yake, kuɗi ka ajiye a kan abin da ba ka san yadda zai fito ba, ko ka ci nasu ko su ci naka, babu haja a tsakani. Hiyari a ciniki ai buhun gero ne ko atamfa ka saya ka ce a ba ni kwana biyu in duba, in ka fasa kuɗinka duka su dawo, in ba ka fasa ba kaya na hannunka. Nan wane kaya ka riƙe?

Kuma janyewar nan dabara ce kawai ta masu tsara wasan. Sauran ƴan uwanta ƙari ake yi, a Caribbean Stud ka zuba ɗaya in za ka ci gaba ka ƙara ninki biyu, a Mississippi Stud sau uku ake tambayarka ƙari. Ita wannan sai aka juya ta, aka ce fara zuba ukun sannan ka rage. Zuba uku ka janye biyu da zuba ɗaya ka ƙi ƙara biyu ai lissafi guda ne, bambancin a zuciya yake, an cinye maka jikka amma ka tashi kana murna wai ka tsira da jikka biyu. Wajen zagaye uku cikin huɗu a wasan nan faɗuwa ne, kuma ko wanda ya ƙware bai taɓa kuskuren janyewa ba, gidan na da rinjayen kusan 3.5 cikin 100 a kanshi in wasa ya yi tsawo.

Sai maganar abokinka, ita ce zan ɗan daɗe a kai don na sha jin ta a bakin samari. Eh, an ruwaito daga Imam Abu Hanifa da almajirinshi Muhammad ɗan Hasan cewa musulmin da ya shiga darul harbi, wato ƙasar kafirai da babu yarjejeniyar zaman lafiya tsakaninta da musulmi, da aminci zai iya karɓar dukiyar mutanen can da yardarsu ko da ta hanyar da ba ta inganta tsakanin musulmi ba. Amma abokinka rabin maganar ya kawo maka. Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa ɗin, bai yarda ba, Malik da Shafi'i da Ahmad ba su yarda ba, haram haram ce a ko'ina. Hadisin da aka dogara da shi mursali ne daga Makhul, wato tabi'i ne ya jingina shi ga Annabi (SAW) bai ambaci sahabin da ya ji a wurinshi ba, Shafi'i ya ce bai tabbata ba. Sharaɗin da Sayyidina Abubakar ya yi da mushirikan Makka kan nasarar Rumawa kuwa, wanda shi ma ake kafa hujja da shi, a ruwayar Tirmizi an faɗa ƙarara cewa kafin a haramta caca ne.

To mu ƙaddara ma mun bi su. Su a kan wanda ya shiga ƙasar suke magana, kai kuma kana zaune kan tabarma a Maradi ana dafa shayi, ladan na kiran isha'i a bayanka, wace darul harbin ka shiga? Waya ba ta ɗauke ka ta kai ka can ba. Sannan Ibnul Humam, babban malamin Hanafiyya, ya bayyana cewa abin da suke nufi shi ne inda ƙarin zai faɗo hannun musulmi. Wasan da aka gina tun daga tushe don gida ya ci, wa ke samun ƙarin? Kuɗin ƴan kabu-kabu da yaran shago ne ke fita waje. Kuma jikka 18 ɗin da kake ce ma kuɗin turawa, wa ya tabbatar maka ba na wani yaro ba ne irinka da aka cinye jiya? Ban da haka mu nan Malikiyya muka tashi a kai, mutum bai taɓa buɗe littafin Hanafiyya don alwala ko gado ba sai ranar da yake son caca, wannan ba bin mazhaba ba ne, bin son rai ne. Ka gaya ma abokinka haka cikin ladabi.

Abin da ya fi tayar mani da hankali ma shi ne wanda ka sako a ƙarshe kamar ba komai ba, kuɗin shago. Amana ce a hannunka, ɗaukarta ba da izini ba laifi ne mai zaman kanshi ko da ka mayar kafin magariba, ko da a halal ka juya ta balle caca. Kana mayarwa ne don har yanzu abin bai ritsa da kai ba, ranar da aka cinye jikka 30 a zama guda za ka sake ɗauka don ka cike ramin, daga nan ne ake fara ƙarya a lissafi, kuma ka san kasuwar nan, yaron da aka kora kan kuɗi da wuya wani alhaji ya sake ba shi makulli.

Ka ciro abin da ke ciki yau. Uwar kuɗinka taka ce, in akwai ko dala ta maigida a mayar cikin ciniki. Ribar jikka 18 ba taka ba ce, ka ba mabukata ko a sai ma marar lafiya magani, da niyyar rabuwa da ita, kar ka ci kar ka sai katin waya da ita. Ka goge wasan daga wayar, har wanda ake yi da kuɗin wasa kyauta, ta nan ake komawa. Kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya ce ma abokinshi zo mu yi caca to ya yi sadaka, in kai ka koya ma wani a fadar ka fitar da wani abu daga halalinka, ka je ka same shi ka faɗa mashi abin da ka ji. Wallahu a'alam.