Wane madubin hangen nesa ya dace da kallon tsuntsaye?

Tambaya: Ina so in fara kallon tsuntsaye a lambu da gandun daji a bazarar nan. Na ga madubi mai lamba 8x42, da 10x25, da wani 20x50 mai araha. Ashe ba wanda ya fi jawo abu kusa ne ya fi ba?

Amsa: A'a Malam, ɗauki 8x42. Lambar farko tana nuna sau nawa madubin ke jawo abu kusa, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Raba ta biyu da ta farko, za ka samu faɗin hasken da ke isa idonka: 8x42 yana ba da milimita 5.25, su kuwa 10x25 da 20x50 iyakarsu 2.5. Tsuntsaye sun fi kuka da kai-komo da sassafe a inuwar ganye, lokacin da ƙwayar ido ke buɗewa tana neman haske, kuma a nan ne waɗannan biyun ke dushewa. Ga rawar hannu: da zarar ƙarfin ya wuce 10, hoton ba ya tsayawa sai da mazauni mai ƙafa uku. Filin da kake gani ma yana ƙuntata, kafin ka lalubo ɗan tsuntsun a reshe ya tashi.

Kafin ka biya, kalli wayar lantarki ko bakin rufin gini, sannan ka ɗan janye madubin daga idonka. Idan layin ya rabu biyu, gilasan ciki sun goce, ciwon kai zai sa maka. Duba kuma ya iya fito da abin da ke nisan mita 2 zuwa 3 tar, domin a lambu tsuntsu kusa yake sauka. Mai sa tabarau ya nemi tazarar ido ta aƙalla milimita 15, wato nisan da ido zai iya yi da gilashin leƙawa amma ya ga hoton duka, ya kuma murza kofunan robar da ke bakin gilashin leƙawar ƙasa.

Saiti sau ɗaya ake yi, amma da yawa ba su sani ba. Rufe gilashin dama, murza majuyin tsakiya har hoton ya fito a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka daidaita zoben da ke jikin na dama, kar ka sake taɓa shi.

Tambaya: Lambuna ƙarami ne. Mazubin abinci zan fara saya ko akwatin sheƙa?

Amsa: Hajiya, fara da ruwa. Kasko mai faɗi, zurfinsa kada ya wuce santimita 5, da dutse a tsakiya, yana jawo har masu cin ƙwari da ba ruwansu da tsaba. Ki ajiye shi a fili, kamar mita 2 daga ciyayi masu duhu, don kada kyanwa ta samu maɓoya. Ki canja ruwan kullum, mazubin abinci kuma a wanke shi duk mako, saboda a wurin taruwa ne cuta ke yaɗuwa tsakaninsu. Kada ki zuba gyaɗa guda-guda a lokacin ƙyanƙyasa, tana iya shaƙe 'ya'yan. Akwatin sheƙa an fi kafa shi tun kafin bazara, ki bar shi sai baɗi.

Tambaya: In sayi ƙaramar sifika in riƙa kunna kukan tsuntsu don ya fito?

Amsa: Don Allah kar ka yi. Namijin yana ɗauka abokin gaba ne ya shigo masa, sai ya bar ciyar da 'ya'ya ya fito faɗa. Gandun daji da yawa sun haramta hakan. Sa kuɗin a littafin gane tsuntsayen yankinka, ka isa wurin da fitowar rana, ka ba rana baya don launin gashin ya fito sosai.