Me ya sa wani ke kama sabon harshe da wuri, wani kuma ya yi ta fama?

Ɗan'uwa, ka ce shekara biyu kana koyon Faransanci, abokin da kuka fara tare har hira yake yi, kai kuwa bakinka ya ƙi buɗewa, shi ne kake tambaya ko kanka ne ba ya ja.

Baiwa tana da tasiri, ba musu. Tun 1959 John Carroll da Stanley Sapon a Amurka suka fito da gwajin auna ta: kunnen rarrabe sautuka, gane tsarin nahawu, da riƙe kalmomi. Amma ni abin da na fi gani yana raba mutane shi ne kunya. Na taɓa zama aji da wata baiwar Allah da ke kwaɓa jimla, a yi dariya, ta gyara, ta ci gaba abinta. Cikin wata shida ta bar mu rungume da littattafai. Shekarun haihuwa kuwa lafazi suka fi shafa, ba fahimta ba.

Kada ka jira sai ka gama nahawu kafin ka buɗe baki. Minti 20 kullum ya fi awa uku a rana ɗaya. In ko a harshenka na gida karatu na ba ka wuya, ko sautuka na cakuɗe maka, ka ga likitan kunne ko ƙwararre kan matsalar karatu.