Na karanta maikrobayoloji, ina zan dosa?

Tambaya: Malam barka da war haka. Na gama digiri a maikrobayoloji (ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta) a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, yanzu ina bautar ƙasa. Ni ɓangaren bakteriya nake so, bincike da koyarwa, amma a gida an matsa min wai in nemi aikin lab a asibiti. Mi ya kamata in yi? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Ƙanena bari in fara da zancen asibitin tunda shi ne ya hana ka sakat. Digirin nan naka bai ba ka ikon gwada jinin mara lafiya ka sa hannu kan sakamako ba, wannan sai mai lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da masu aikin lab na asibiti, wato wanda ya karanta kimiyyar lab ta asibiti. Ka zauna da su Baba ka yi masu bayani a hankali, kar su ɗauka girman kai ne.

Shi kuwa bincike hanyarsa sananniya ce, mastas sannan dakta, da mastas za a ɗauke ka mataimakin lakcara, da dakta ka fara daga lakcara na biyu. Ga jami'arku nan, ga ta tarayya a Dutsin-Ma, ga Al-Qalam, ga ABU Zariya da BUK. Kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sai ka zama ma'aikacin makarantar gwamnati tukuna, saboda haka in waje kake hange ka duba tallafin karatu na DAAD ta Jamus ko Commonwealth ta Ingila.

Amma fa abin da ke raba ɗalibai ba takarda ba ce, hannu ne. Na sha ganin mai sakamako mai kyau, a miƙa mai farantin rainon ƙwayoyi da siririyar wayar ƙarfe a ce ya ja layi ya ware ƙwaya ɗaya, washegari a buɗe a tarar komai ya cakuɗe kamar fate. Ka iya dafa aga, wato abincin da ake rainon ƙwayoyi a kai, ka san otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyi da tururi, digiri 121 ne minti 15, ka yi rinin Gram, wanda ake rina bakteriya don gane irinta, har ka rarrabe shuɗi da ja ba tare da kiran kowa ba, daga baya ka nemi inda za ka koyi PCR, dabarar ninka DNA don gano ƙwaya, ko da kyauta za ka yi masu aiki. Kuma ka koyi haƙuri, ni da kaina an taɓa ɗauke mana wuta kwana biyu, janareta ba mai, aikin wata uku ya tafi a banza.

Sai ka kama matsala ɗaya ka riƙe ta. Da ni ne kai, ƙwayoyin da suka daina jin magani zan bi, don kullum a gabanmu ake shiga kemis a sayi kafso na kwana biyu, ana jin sauƙi a watsar, ƙwayar da ta tsira kuma ta hayayyafa. Ga kwalara duk damina, ga mashaƙo da ya addabe mu a 2023, ga tarin fuka. In cuta ba ta dame ka ba, akwai bakteriyar saiwar wake da gyaɗa mai ƙara wa ƙasa taki.

Bayan jami'a akwai cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba, Legas, cibiyar dabbobi ta Vom a Filato, hukumar yaƙi da cututtuka NCDC da NAFDAC, gurbi dai kaɗan ne ban ɓoye maka ba. Kamfanonin fiyo wata ma suna neman mai duba tsabtar ruwa, kar ka raina, zai riƙe ka kafin mastas.

Kafin ka gama bautar ƙasan nan, ka koma wajen malamin da ya duba maka furojet ka ce ya sa ka cikin aikin da yake yi yanzu.