Tambaya da Amsa: An gama taron farkawa, gaba tana nan

TAMBAYA: Baba Fasto, duk shekara ikkilisiyarmu kan yi taron farkawa na kwana uku, a gayyato mai wa'azi daga nesa, a yi hayar lasifika. Bana ya yi wa'azi a kan zama kamar ƙananan yara, har na yi hawaye. Amma shekara biyu ke nan ba ma ga maciji da ma'ajiyar Zumuntar Mata, kuma ita ta fara. Na girme ta da shekara 11. Yanzu ni ce zan je wurinta?
Wata 'yar'uwa daga Zonkwa

AMSA: 'Yata, ke za ki je.

Buɗe Markus 9:33-37. A hanyar Kafarnahum almajirai suna ta gardamar wa ya fi girma. Da suka shiga gida Yesu ya tambaye su, sai kowa ya yi tsit. Ya kawo yaro ya tsayar a tsakiyarsu, ya rungume shi. A Matiyu 18:4 ya ce wanda ya ƙasƙantar da kansa kamar yaron nan shi ne babba a Mulkin Sama. Duk wadda ta yi goyo ta san yara da rowa da rigima. Abin da yaro ba shi da shi shi ne kujerar da yake tsaro. Jikokina biyu sun yi dambe a kan ƙosai shekaranjiya, kafin hawaye ya bushe ƙaramin ya je ya kama rigar yayansa suka fita wasa. Ba wanda ya tsaya lissafin wa ya fara.

Shekara 11 ɗin nan da kika ambata su ne kujerarki, kuma na san nauyinsu. A ikkilisiyar da na fara aiki na taɓa tsawata wa shugaban mawaƙa a gaban jama'a, daga baya ta bayyana shi ke da gaskiya. Wata huɗu ina wa'azi bakina kamar da ƙasa. Ranar da na same shi a gonarsa yana nome gyaɗa na ce ya yafe mini, sai ya jefar da fartanya, muka zauna a kan kunya muna kuka.

Babbar farkawar Koriya ma haka ta ɓarke a birnin Pyongyang, cikin Janairun 1907. Wani dattijon ikkilisiya, Kil Sun-ju, ya miƙe a gaban taro ya furta cewa ya ci wani abu daga dukiyar da abokinsa ya bar masa amana kafin ya rasu. Daga nan mutane suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya suna furta zunubansu har tsakar dare.

Kada ki jira ranar zumunta, inda ido ya yi yawa. Same ta a gida da yamma, ke kaɗai. Faɗi naki laifin kawai, ko da bai kai nata ba, ki bar nata a hannunta. Mai yiwuwa ta ɗaure fuska a ranar. In ta yi haka, ki yi mata sallama da daɗi, ki koma bayan mako guda.